Kyamara Ba Ta Cire Takalmi

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana tare da wayar hannu, na daɗe ina son in yi magana a kanta dalla-dalla, domin 'yan mintocin da ake ba mu a shirin rediyo ba sa isa. Yaranmu da suka samu fita karatu Malesiya, da 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya, da masu rakiyar marasa lafiya Indiya, da yawansu in sun dawo za ka tarar da hoto iri ɗaya a wayoyinsu. Mutum ya tsaya gaban wurin bautar mabiya addinin Hindu, ya juya wa masu ibada baya, ya ɗaga yatsu biyu, ya yashe baki. A ƙasan hoton kuma sai a rubuta maganar ba'a, wai ga mu a gidan gumaka, wai ku zo ku ga masu yi wa dutse sujada, 'yan'uwa su biyo baya da dariya. Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Rashin tarbiyya ne, kuma a duk Hausawan duniya babu waɗanda abin ya fi muni a hannunsu kamar mu Hausawan Sudan, mutanen Jazira da Sinnar da Nil Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, domin mu ne muka fi kowa sanin zafin a tsaya a kanka ana kallonka ba tare da an yi maka sallama ba.

Bari in fara da wurin da hotonsa ya fi yawo a tsakaninmu, Kogon Batu, wanda ke kimanin kilomita 13 arewa da Kwala Lumfur. Dutsen farar ƙasa ne mai kogwanni a ciki, mai shiga sai ya hau matakala 272 kafin ya kai bakin babban kogon. A gindin matakalar akwai ƙaton mutum-mutumi mai ruwan zinariya na Murugan, ɗaya daga cikin ababen bautar Hindu, tsawonsa ya haura mita 42, an buɗe shi a 2006. A 2018 aka shafe matakalar da fenti kala-kala, daga nan hotonta ya cika duniya. Amma wurin ya girmi fentin nesa ba kusa ba. Tun wajajen 1890 wani attajirin ƙabilar Tamil mai suna Thamboosamy Pillai ya mayar da kogon wurin ibada, kuma tun 1892 ake bikin Taifusam a can, cikin Janairu ko Fabrairu. Ranar bikin dubban mutane kan tako da ƙafa tun daga tsakiyar birni, wasu ɗauke da tulunan madara a ka, wasu da wani kaya mai nauyi a kafaɗa da suke kira kabadi, bayan sun yi kwanaki suna kame baki irin nasu. Yawanci alwashi suke cikawa, wanda suka ɗauka lokacin da ɗa ya kwanta ciwo ko aka daɗe ana neman haihuwa.

Waɗannan mutane, yawancinsu jikokin leburori ne da Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya domin aikin gonakin roba da shimfiɗa layin dogo. Sun yi sama da shekara ɗari a ƙasar, sun haifi 'ya'ya da jikoki, suna nan tsiraru a cikin ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. To, ɗan'uwa, ka dubi wannan labari da kyau ka gaya mini ko bai yi maka kama da na wasu ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, Fulani da Hausawa, har suka sauka a bakin Nil Azraƙ a 1906, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sinnar. Kafin su da bayansu, mahajjata masu tafiya ƙasa sun yi ta tsayawa a wannan yanki suna neman guzuri, wasu suka zauna ke nan. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, hannayen kakanninmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar da ta ciyar da masaƙun Ingila, kamar yadda hannayen Tamil suka tatsi robar da ta yi wa motocinsu taya. Aka haɗa mu a suna ɗaya, Fallata ko Takarir. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda kakanninsa ke nan tun kafin ƙarshen 1897, aka bar da yawa daga cikinmu suna yawon neman takarda a ƙasar da aka binne cibiyoyinsu. Rikicin da ya ɓarke a jihar Nil Azraƙ a Yulin 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka kafin shekarar ta ƙare, tushensa maganar nan ce ta wa ke da ƙasa, wa ke baƙo. Mutumin da yaronmu ke yi wa dariya a matakalar Batu, tarihinsa ya fi kama da namu fiye da na kusan duk wanda zai haɗu da shi a wannan tafiya.

Kada wani ya juya mini magana. Ni Musulmi ne, a halwa na fara karatu da allo kafin in shiga makarantar gwamnati, kuma ban ce kowa ya yarda da abin da ake yi a kogon ba, balle ya taya. Maganar aƙida daban, maganar ladabi daban. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana Musulmi zagin abin da wasu ke bauta wa, har ta faɗi dalili, cewa zagin zai sa su ma su rama cikin jahilci a kan Ubangijinmu. Duk almajirin da ya kai wannan sura ya san haka. Al'adarmu ma ta riga ta gama magana: ba a faɗa wa gida ba sallama, ba a taka tabarmar mutum da takalmi, ba a tsallake mai salla. A Batu ma, in za ka matsa kusa da wurin ibadar sai ka cire takalmi, kuma yaranmu suna cirewa, domin akwai mai tsaro da zai yi musu magana. Abin da ba ya cire takalmi shi ne kyamarar da ke hannunsu. Ita tana kutsawa har gaban tsohuwar da ta rufe ido tana hawaye, ta ɗauke fuskarta, ta manna ta a bayan kafaɗar saurayi mai dariya, kafin la'asar fuskar ta isa wayoyi ɗari a Damazin da Wad Madani da Kano. Tsohuwar ba ta san an yi ba, ba a tambaye ta ba, kuma babu hanyar da za ta ce a mayar mata. Da a ce hannu aka sa aka zare mata gyale, kowa zai kira abin da sunansa.

Mu ma fa muna da kogo. Kakanninmu sun yi shekaru a hanya, suna noma a nan, suna dako a can, har su kai Sawakin ko Fot Sudan su haye teku zuwa Jidda, kuma cikin abin da suke ba da labari in sun dawo akwai hawan Jabalun Nur don ganin Kogon Hira, inda wahayi ya fara sauka, da Kogon Saur inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake da Sayyidina Abubakar a hanyar hijira. Ka ɗauka wani wanda ba Musulmi ba ya samu hanyar zuwa can, ya tsaya bakin Hira ya juya baya ya ɗaga yatsu, ya rubuta wai ku zo ku ga masu cunkoso a kan rami. Wace irin wuta ce za ta tashi daga Khartum har Sakkwato? Abin takaicin shi ne ba mu jira baƙo ya yi mana ba. Duk wanda ya hau dutsen ya ga sunayen da alhazai suka rubuta da fenti a jikin duwatsu, kuma duk mai kallon ɗawafi a talabijin ya ga masu zagaya Ka'aba hannu a sama, ido a kan waya, suna gaisawa da mutanen gida. Wannan ya nuna cutar ba ta tsaya kan Hindu ba. Wanda ya saba mayar da wurin ibadar wani labulen ɗaukar hoto, wata rana nasa zai mayar.

In kuwa ana son a san yadda abin yake a wajen wanda ake ɗauka, ba sai an je Malesiya ba. Kafin yaƙi, duk yammacin Juma'a 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya kan taru a ƙubbar Shehu Hamad al-Nil da ke Umdurman, darwishai da rigunansu kore da ja masu faci, ana kaɗa nuba, ana zikiri har faɗuwar rana. Wurin ya shiga duk littattafan jagorar masu yawon buɗe ido, har ya zama da wuya hawaja, wato Bature, ya zo Khartum bai je ba. Na sha zuwa can da rakoda don aiki, na kuma ga iri biyu. Akwai baƙon da zai tsaya a gefe, ya sha shayi da mutane, in ya ɗaga kyamara sai ya nemi ido ya ga an gyaɗa masa kai. Akwai kuma wanda zai keta da'irar zikiri ya durƙusa gaban dattijon da hankalinsa ya tafi ga Allah, ya kai masa gilashin kyamara kusa da hanci, kamar mai ɗaukar tsuntsu a dajin Dindir. A lokacin gwamnati na tilasta wa baƙo ya karɓi takardar izinin ɗaukar hoto, takardar kuma ta hana shi ɗaukar gada da barikin soja da tashar jirgin ƙasa da unguwannin talakawa da mabarata. Ka ga an tsare sirrin gada, an tsare mutuncin hukuma, amma dattijon da ke zikiri ba wanda ya tuna da shi.

Mutanen duwatsun Nuba sun ɗanɗani abin da ya fi wannan. Wata Bajamushiya mai suna Leni Riefenstahl, wadda ta yi suna da shirya wa Hitila finafinan farfaganda, ta yi ta zuwa yankinsu tana ɗaukar 'yan kokawa da 'yan mata masu rawa, ta fitar da manyan littattafan hotuna a 1973 da 1976. Hotunan sun yi kyau, ba mai musu. Abin da ya biyo baya shi ne masu yawon buɗe ido suka kama hanyar ƙauyen Kau da kuɗi a hannu suna neman a tuɓe musu a ɗauka, hukuma kuma ta ga an kunyata ƙasa, ta ƙara matsa wa mutanen lamba a kan al'adunsu. Mai hoton ta koma Jamus da ɗaukaka, mutanen da ke cikin hoton suka zauna da abin da ya jawo musu.

A nan kusa da mu ma, yamma da Sinnar, ga Jabal Moya. Tsakanin 1911 da 1914 wani hamshaƙin mai kamfanin magunguna, Henry Wellcome, ya kafa sansani a kan dutsen, ya ɗauki dubban leburori, aka tone kaburbura kimanin 3,000, wasunsu sun kai shekara dubu biyu a kwance. A can ne aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na ɗaukar hoton wurin tono daga sama, ta hanyar ɗaura kyamara a jikin wani ƙaton jirgin igiya irin wanda yara ke sakewa a iska. Aka auna ƙasusuwa, aka ɗauke su hoto, aka zuba a akwatuna zuwa Ingila, har yau akwai ragowarsu a Kambirij. Cikakken rahoton aikin bai fito ba sai a 1949, shekara 13 bayan mutuwar Wellcome ɗin. Ba na hana shi haƙƙinsa, shi ne ya ba da kuɗin kafa ɗakin binciken cututtuka a Kwalejin Gordon da ke Khartum, kuma masana suna amfana da abin da aka tono. Sai dai ka tambayi ɗalibin sakandare a Sinnar ko Mai Wurno su waye aka binne a dutsen da yake hangowa daga mota, ka ji ko zai iya ba ka jimla biyu. An ɗauki hoton, an tafi da shi tare da ilimin, an bar wa masu wuri ramuka.

Ko a ƙauyukanmu da kanabi, wato matsugunan leburorin Jazira, mun saba ganin farar mota ta tsaya, a fito da kyamara, a nufi yaro mafi datti da bukka mafi lalacewa. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yin boko ba, amma ta san haƙƙinta. Wata rana wasu ma'aikatan agaji suka tarar da ita tana tankaɗen gari a rakuba, ɗayansu ya ɗaga kyamara, sai ta ɗaga masa hannu ta ce da tafintan, "Ɗana, ka ce masa ya dakata in sa tob ɗina, kada a kai ni garin mutane da tsumma." Da ta fito a shirye, mai hoton ya rasa sha'awa, domin tsumman yake so. Duk yaron da ya taso a gidan da aka yi irin wannan, ban ga da wace fuska zai je ya yi wa kakar wani haka ba.

Sudan kanta tana da ɗakin bauta na cikin dutse, ko da yake da yawanmu ba mu sani ba. A Jabal Barkal, kusa da Karima a arewa, sarki Taharƙa, wanda ya mulki Kush da Masar daga 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka fafe cikin dutsen aka yi ɗakunan bautar Mut, matar Amun a addininsu. A waje akwai ginshiƙai masu fuskar mace da suka rage a tsaye, a ciki kuma zane-zane masu launi na sarkin yana miƙa baiko. Hukumar UNESCO ta sa Barkal cikin kayan tarihin duniya a 2003, ta ƙara da dalolin Bajrawiyya da Naƙa'a da Musawwarat a 2011. Na je wuraren nan tare da 'yan rihla, irin fitar da ɗalibai da ma'aikata kan yi, na ga yadda muke yi. Minti biyar a ciki, kowa ya jingina da bango mai zanen shekara 2,700, a haska fitilar waya, a shafa da hannu mai gumi, a fito. A Bajrawiyya kuwa sunayen baƙi ne a kankare jikin dutse, da Larabci da Turanci, tsofaffi da sababbi. Muna jin haushin Ferlini, likitan sojan nan ɗan Italiya da ya rusa kawunan daloli a 1834 yana neman zinariya, ya kwashe kayan adon sarauniya Amanishakheto waɗanda yanzu suke gidajen tarihin Munik da Balin. Shi da ma'aikata ya yi tasa ɓarnar cikin 'yan makonni, mu kuma da ƙusa da makulli muke yin tamu a hankali. Wani zai ce ai babu sauran mai bauta a Barkal, wa aka ɓata wa? An ɓata wa yaron da zai zo bayan shekara hamsin ya tarar da bango fari.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jinsu a layin wayar shirinmu. Ta farko ita ce, ai su da kansu suka yi wa matakala fenti don a zo a ɗauka, kuma suna cin kasuwa da baƙi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya hana ka ɗaukar matakala da dutse da birai masu fizgar abinci a hannun mutane, har ka tsaya a ɗauke ka. Amma buɗe ƙofa ga baƙo bai ba shi izinin shiga ɗaka ya ɗaga katifa ba. Mai agashe a kasuwar Wad Madani yana son ka tsaya ka saya, yana iya yarda ka ɗauki tukubarsa, amma in ka bi shi lokacin da ya kabbara salla a gefen teburinsa ka ɗauki goshinsa a ƙasa ka watsa da maganar dariya, ka san ka wuce ciniki. Masu kula da kogon sun sa doka a kan tufafi, suna ba mai gajeren siket zane ta ɗaura, wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali cewa su ba su ɗauki wurin filin wasa ba.

Amsa ta biyu daga ɗaya ɓangaren take fitowa, masu cewa tun farko me ya kai Musulmi irin wannan wuri, a daina zuwa kowa ya huta. Hukuncin shiga da rashin shiga na malamai ne, wanda ya ga zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya a waje, ba wanda zai zarge shi. Amma ina tunatar da masu wannan magana cewa al-Biruni, malamin Musulunci na ƙarni na 11, ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafi a kan Indiya wanda har yau masana ke dogaro da shi, kuma hakan bai rage masa imani ba. Mu da muka girma muna kallon finafinan Indiya, muka ga jarumai suna shiga waɗannan ɗakuna suna kaɗa ƙararrawa, ba ganin ne sabo a wajenmu ba. Abin da na lura shi ne mai hanawa da mai ba'a sun haɗu a wuri guda: dukansu ba sa son sanin komai game da mutumin da ke ciki. Shi ya sa sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin biyun, ya je ya ɗauki hoton, sannan ya wanke kansa da zagi a ƙasan hoton don kada a ce ya yi sha'awar wurin. Wannan zagin ba kishin addini ba ne, tsoron bakin mutanen gida ne.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koya mana darasi a kan hoto wanda bai kamata ya wuce mu ba. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, waɗanda muke kira Da'amu Sari, a Disamban 2023, soja ba su karɓe ta ba sai a Janairun 2025. A 2024 an gwabza a Jabal Moya kanta, saboda hanyoyin da suka haɗu a wurin. Da soja suka koma tsakiyar Khartum a Maris na 2025, aka tarar an wawushe babban gidan tarihi na ƙasa, an fasa akwatunan gilashi, an kwashe zinariya da ƙananan kayayyaki, sai manyan gumakan dutse da suka fi ƙarfin ɗauka. Yanzu masu neman a dawo da kayan, abin da suke buƙata shi ne hoton da ya nuna kayan sosai, da lambarsa da bayaninsa, wanda za a iya kai wa 'yan sandan duniya a ce ga abin da aka sace. Dubbanmu mun shiga gidan nan da waya a hannu. Ka duba naka hotunan ka gani, nawa ne kanka bai rufe rabin abin da ka je gani ba? Haka gidaje nawa a Jazira suka gudu suka bar akwatunan takardu da hotunan iyaye, suka dawo ba su tarar ba. Kuma a rikicin 2022 mun ga ɗaya fuskar abin, lokacin da hotunan gawawwakinmu suka yi ta yawo a Facebook da WhatsApp, har wasu suka fara sanin rasuwar ɗan'uwa ta hanyar ganin gawarsa a waya. Mun ji zafi, mun ce a mutunta matattunmu, kuma muna da gaskiya. Wannan gaskiyar ce nake neman mu riƙe in mun tsallaka teku.

Saboda haka ni ba gaba nake da kyamara ba, da ita da makirfo nake cin abinci. Abu na farko da aka koya mana a makarantar aikin jarida shi ne ka faɗi sunanka, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka danna, kuma in an ce a'a ka mayar da kayanka jaka. Ban ga dalilin da zai sa wannan ka'ida ta tsaya kan masu katin aiki ba, tunda yanzu kowa ɗan jarida ne a aljihunsa. In ka je wurin ibadar wasu, ko Batu ne, ko cocin Kibɗawa a Umdurman, ko ƙubbobin Abu Haraz da ke kusa da Wad Madani in kai ba ɗan ɗariƙa ba ne, ka fara karanta ko da shafi ɗaya a kan wurin. Ka zagaya da waya a aljihu tukuna, ka ga inda mutane ke tsayawa da inda ba sa takawa. Ka ɗauki gini da dutse yadda kake so, amma fuskar mai ibada sai da yardarsa, kuma ba a neman yardar mutum yana tsakiyar addu'a. Abin da za ka rubuta a ƙasan hoton, ka auna shi da cewa mai wurin ya iya Hausa kuma zai karanta. In kana jin ba za ka iya riƙe bakinka ba, tsayawa a masauki ya fi maka alheri.

Sannan in ƙaiƙayin ɗaukar hoto ne ke damunmu, ga aiki nan jibge a gida. Tsofaffin da suka ji labarin tafiyar ƙasa daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a Mai Wurno da Sinja da Rusairis da Gadarif. Akwai alluna da tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu a halwowinmu, akwai wasiƙun ajami da suka zo daga Kano da Sakkwato da Damagaram a cikin tsofaffin adakoki, akwai masunta da maƙera da masu dama godogodo waɗanda ba wanda ya taɓa tambayarsu yadda sana'ar ta zo hannunsu. Ka je ka yi sallama, ka durƙusa ka gaida Baba, ka bar Inna ta sa tob ɗinta, ka ɗauka, ka rubuta suna da gari da shekara, ka kuma wanko kwafi ka kai musu. Mutanen da aka yi shekara ɗari ana tambayarsu yaushe suka zo, su ne suka fi kowa buƙatar irin wannan hoto, domin ranar da aka sake tayar da maganar, shi za a ɗora a kan tebur.

Iyaye kuma, in yaro ya turo hoto daga ƙasar waje da irin waccan ba'a, kada a taya shi dariya. A tambaye shi sunan wurin, da wanda ya gina shi, da abin da tsohuwar da ke bayansa ta zo nema. In ya kasa amsawa, a ce ya goge, ya koma ya tambayo. Allah ya ba mu ladabin baƙunta, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, ya mayar da kowa gidansa.